Teburin Kusa da Taga

Kailu yana ɗaure maɓallin farar rigar da aka ara masa sai Madam Safi, mai gidan abincin, ta leƙo kicin. Ta ce yau za a gwada shi da teburin kusa da taga. In ya yi hidima ba kuskure, aiki nasa ne. In ya kasa, ga samari can bakin ƙofa suna jira.

Faranti ba ya ba shi tsoro. Ya daɗe yana kai wa hafsoshi abinci a nan Yamai, har soja suka miƙa mulki, aka rage ma'aikata, ya koma Filinge ya kama noma. Bana gero bai yi ba. Ya baro matarsa Dijatu da yara da rumbun da ake ganin ƙasansa.

Sai dai a gida bai taɓa faɗin irin aikin ba. A Kurfai, ƙasar su Filinge, mace ko yaro ke kawo akushi. Magidanci mai furfura zama yake a kawo masa. Mutanen gari sun san Kailu yana aiki wajen soja, shi kuwa bai ƙara musu bayani ba.

Ya ɗauki tire, ya tura ƙofa da kafaɗa, sai ya ji wata dariya. Ya gane ta tun kafin ya ga mai ita. Dodo ne, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya, suka yi kiwon awaki tare a hanyar Sanam, suka ci tuwo a ƙwarya ɗaya. Yanzu ɗan majalisa ne, ga babbar riga, ga baƙi kewaye da shi. Kuma bakin Dodo ba ya riƙe labari. Kafin ran kasuwa duk Filinge za ta ji.

Kailu ya ja da baya.

"Tsoho, miya na hucewa," in ji Na'Allah, kuku. "Ko ƙahwahu sun ƙiya?"

Kailu ya tambaye shi ko za a iya ba wani teburin. Na'Allah ya ce Madam ba ta maimaita magana.

Kailu ya tuna 'yarsa Haske a makaranta, yadda za a riƙa kiranta ɗiyar boyi. Ya tuna rumbun. Ya fita.

Ya ajiye faranti ta hagu, ya zuba ruwa ta dama, ba ƙarar cokali ko ɗaya. Dodo yana ba baƙinsa labarin Kurfai: yunwar bana, da yadda shi ya san mutanensa gida gida. Kailu ya sunkuya kusa da kunnensa, yana jiran ya ji an kira sunansa. Ba a kira ba.

Da ya kawo nama, ya haɗo da ɗan kwanon yaji ba wanda ya roƙa, don tun suna yara Dodo ba ya cin nama lami. Ya ajiye da hannun dama, hannun da laujen Dodo ya bar wa tabo wata kaka. Bai san dalili ba, sai ya ga ya bar hannun kan tebur fiye da yadda aiki ya yarda.

Dodo ya dangwali yajin, ya lumshe ido, ya ɗaga murya.

"Madam, wannan garso naki mai kawo abinci ya san aiki. Ki riƙe shi."

Dodo bai ɗaga kai ya dubi Kailu ba.

Bayan sun tafi, Madam Safi ta ce rigar ta zama tasa, ya zo gobe da safe. Abin da ya burge ta, in ji ta, shi ne yana aiki kamar ba ya wurin. Irin haka manya suke so. Kailu ya yi godiya.

Ya zauna kan akwatin lemo bayan kicin da shinkafarsa. Asirinsa ya rufu, Dijatu za ta samu hatsi. Ya yi ta juya cokali cikin faranti.

Na'Allah ya fito yana goge hannu, ya ce ashe ɗan majalisar ma mutumin Filinge ne, ko sun san juna?

"Gari ɗaya dai muka hito," in ji Kailu.

Ya tura farantin tsakiya, ya matsa gefe ya bar wuri. Amma Na'Allah ya riga ya koma ciki.