Duwatsun Bai Stamen

"Ajiye miyar can, Gergina, zo ki ara mini idonki," in ji Bai Stamen, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin kicin, ya kasa abubuwa kashi uku: baƙin soso, wasu 'yan zobba na tangaran, da farar tsakuwa mai ƙananan ramuka. Tukunyar miyar wake na ƙona mini hannu, shi kuwa mutumin da likita ya ce ya riƙa cin abinci a kan lokaci yana zaune yana jujjuya dutse.

"Wanne za ki zaɓa?"

"Wannan ai dutsen goge kaushi ne. A kansa ka kira ni?"

"Kin gani? Ba ki san komai ba, amma hannunki ya faɗa daidai."

Shekara talatin da ɗaya ƙofofinmu na kallon juna a hawa na shida, a nan garin Ruse, inda ake kiran dattijo Bai don girmamawa. Shi makanikin jiragen ruwa ne a kogin Dunav, ni kuwa ɗinki na yi a masana'anta har bayana ya lalace. Matarsa ta rasu, mijina ya bi, muka rage mu biyu muna tsokanar juna. Da ya bar aiki ya sayi katon akwatin gilashi ya cika da ruwa, ya zuba kifaye bakwai masu faɗi kamar ganye. Babbansu, mai yagaggen bindi, shi ne Kyaftin. A ƙarƙashin akwatin akwai matacin ruwa, wanda gunjinsa ke ratsa bango ya same ni a ɗakina. Na yi ƙorafi shekara biyu, daga baya na daina jinsa.

Ranar ya zaunar da ni ya yi mini karatu a kan abin da ake zubawa a cikin matacin. Soso, in ji shi, dattin da ido ke gani kawai yake tarewa. A jikin zobban akwai 'yan halittun da ido ba ya gani, suna cinye gubar kashin kifi, amma suna barin wani saura da ake kira naitiret. Shi wannan taruwa yake yi a hankali har ya raunana kifi, kuma maganinsa sai a kwashe ruwa a zuba sabo, bokiti huɗu duk Asabar.

"Amma dutsen kaushin nan naki, can cikin ramukansa inda iska ba ta kai wa, wasu halittun ke zama, su naitiret ɗin ne abincinsu. In suka kafu, bokiti ɗaya ma ya isa. Sai dai ba sa son gaggawa. Wata shida."

"Kai da ba ka iya jiran shayi ya huce, za ka jira wata shida?"

"Ba ni zan jira ba."

Na ji shi sarai. Na tashi na hau neman cokali, na yi masa faɗa a kan miyar da ta huce. Tsoro ne ya kama ni, ni kuwa in na tsorata faɗa nake yi.

Ya cire zobban, ya cika trayen matacin guda uku da dutse, ya bar soso a sama. Daga Asabar ɗin da ta biyo ni ce mai ɗaukar bokiti, don hannunsa ya fara rawa. Yana zaune a kujera yana ba da umarni kamar yana kan jirgi.

"Ruwan da ya kwana a bokiti za ki zuba, ba na famfo kai tsaye ba. Duwatsun kuma ko da wasa kada ruwan famfo ya taɓa su. Maganin da ake zuba masa kashe su yake yi. In sun yi datti, ɗauraye su a ruwan akwatin."

"Na ji, Bai Stamen. Sau goma ke nan."

"Ke ce ai. Ba abin da kika gani ki bar shi da dattinsa. Da za ki samu dama, kifin ma sai kin goga masa sabulu."

Bayan bokiti sai gwaji. A ɗebi ruwa a 'yar kwalba, a ɗiga magani, a girgiza, a ɗaga ta wajen taga. In ya yi ja, naitiret ya yi yawa. In ya yi ruwan ɗorawa, lafiya. Wata huɗu kwalbar nan ja take nuna mana, shi kuma yana ta ramewa, wandonsa sai da na rage masa ƙugu sau biyu. Ina cewa a raina an cuci tsoho, an sayar masa da tsakuwa.

Asabar ta ƙarshe ya ce in matso da kwalbar kusa da fuskarsa. Jan ya sassauta, ya koma ruwan lemo.

"Sun fara ci," ya ce. Ya daɗe yana kallo. "Da wannan bayan naki ba za ki iya bokiti huɗu duk mako ba, maƙwabciya. Ɗaya kuwa za ki iya."

Sai a lokacin na gane saboda wa aka zaɓi dutsen. Na ce masa wa ya ce zan karɓi kifayensa, na shige banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji kukana.

Ranar Talata da safe na kawo masa madara na same shi a kujerarsa, fuskarsa wajen akwatin, gwangwanin abincin kifi a cinyarsa a buɗe. Ya ba su abinci kafin ya tafi.

Yayarsa Donka ta zo daga ƙauye, tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai, gwiwoyinta sun kumbura. Ta rufe madubai, ta rufe akwatin kifin ma da zanen gado, wai shi ma yana nuna fuska. Ban hana ta ba. Da za a fita da gawa ta ce ba za ta iya maƙabarta ba, ita za ta tsaya ta share gida ta wanke, yadda ake yi bayan an fitar da mamaci. Na ce to. Ko kusa tunanina bai kai ƙarƙashin akwatin ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Da na dawo, tun daga bakin ƙofa na ji wani abu ya canza. Warin sabulu ne ko'ina, sannan shiru. Gunjin nan da na daina ji shekaru, rashinsa ne ya doke ni. Na ruga kicin da takalmina.

Donka na tsaye a bakin famfo, ruwa na zuba. Traye biyu na kan tawul, duwatsun sun yi fari fat. Na ukun na hannunta.

"Yaya Donka! Sake shi!"

Na fizge trayen har sai da ta dafa bango.

"Ke lafiyarki? Kin ga abin da ke ciki kuwa? Taɓo ne, baƙi ƙirin."

"Taɓon shi ne aikin! Wata biyar yana renon abin nan, kin kashe shi a awa ɗaya! Wa ya aike ki?"

Ni ce na ɗaga wa tsohuwa murya haka, ranar da aka binne ƙaninta. Ta dube ni, ta dubi jiƙaƙƙun hannayenta.

"Shekara shida ban tako gidan nan ba, Gergina. Yana ciwo ban dafa masa ko ruwan zafi ba. Na ce bari ko wanki in yi masa."

Na rufe famfon, na tsoma trayen a bokitin ruwan akwati, muka zauna a ƙasan kicin mu biyu muna kuka, duwatsun na tsakaninmu.

Na mayar da komai yadda yake, wanda ba a wanke ba a ƙasa. Ba a taɓa kayan mamaci sai an yi arba'in, don haka akwatin ya zauna a gidansa, mabuɗi a hannuna. Ruwan ya yi hazo a kwana na uku. Kullum ina ɗaukar bokiti, duk da haka kifaye huɗu suka mutu, ɗaya bayan ɗaya. Ina tsamo su da cokalin miya ina ba Bai Stamen haƙuri a bayyane, kamar yana kujerar.

A kwana na ashirin da biyar bayana ya riƙe. Ko butar shayi ba na iya ɗagawa. Mako biyu abinci kawai nake lallaɓawa in zuba musu. Kwalbar gwaji kuwa na ƙi taɓa ta, don na san in ta nuna ja babu abin da zan iya, sai dai in zauna in kalli sauran ukun su bi.

Ranar arba'in Donka ta dawo da dafaffiyar alkama mai sukari, aka raba wa mutanen bene, kowa ya ce Allah ya gafarta masa. Da aka watse ta tsaya a bakin ƙofar falo, ta ƙi matsawa kusa da akwatin.

"Saura nawa?"

"Uku."

"Su ma tafiya za su yi?"

"Ban sani ba, Yaya. Zo ki riƙe mini kwalbar nan."

Ta riƙe kwalbar da yatsu biyu, na ɗiga maganin ina ƙirgawa a bayyane yadda Bai Stamen yake yi. Ta girgiza. Muka jira minti biyar don launin ya fito, mataci na gunjinsa a ƙasa. Sannan ta ɗaga kwalbar wajen taga.

"Wannan wane launi ke nan? Ni idona ba ya gani sosai. Kamar shayin da bai ji ganye ba."

Na karɓa na duba, na sake dubawa. Babu ja a ciki ko kaɗan.

Na jawo mata kujerarsa ta zauna. Kyaftin ya fito daga bayan ciyawa da yagaggen bindinsa, ya zo ya tsaya daidai gilashin, wajen da ya saba jiran a buɗe gwangwani.