Igiyar Khalilu a Unguwar Magina

"Ai ƙasar tsohon gida ta fi daɗin tubali, ta riga ta kwanta."

Haka na ji Khalilu, manzon mai gari, yana faɗa wa Baba a zaure, ni kuwa ina tsakar gida ina tankaɗe. Baba ya ɗan yi dariya. Sai na ajiye rariyar.

Garinmu, can kusa da Kunci, ya cika maƙil tun da mahara suka koro mutanen ƙauyuka cikin ganuwa. Ga fataken gishiri, raƙumansu ba sa iya shiga tsohuwar ƙofa da kaya. Sai mai gari ya ce a fasa ganuwa a yi sabuwar ƙofa, a fitar da hanya har kasuwa. Ta unguwarmu za ta bi, Unguwar Magina, inda aka fara kafa garin. Kuma Baba, Dogo magini, shi aka ɗora wa aikin.

Inna tana kwance bayan ɗakinta. Mu a cikin gida muke binne namu tun kakanni. Damina uku ke nan, ba wata alama sai tukunyar da aka kife.

Ranar awo na leƙa ta kan katanga. Khalilu na jan igiya, dattawa na biye da shi. Liman ya ce kada a taɓa masallaci, aka karkata igiya. Masu rini suka ce karofinsu ya girmi kowa a wurin, aka sake karkatawa. Wani tsoho ya rungume tsamiya, ya ce a ƙarƙashinta aka yi masa aski, ita ma aka bar ta. Duk karkatar da aka yi, igiyar gidanmu take matsowa.

Goggo Iyatu, yayar Baba, ta fito da muciya a hannu.

"Kai Khalilu, raƙumi ne ya gina garin nan, da za a rushe gidan mutane don ya wuce?"

"To Goggo, gishirin miyarki a bayan kaza yake zuwa?"

"Ungo naka! Ni na yi maka wankan jego... uwarka nake nufi, mara kunya!"

Aka kwashe da dariya, ana cikin dariyar aka kafa turke a bayan ɗakin Inna.

Duk mazan nan sun sani, su suka haƙa kabarin. Kowa ya zuba wa Baba ido ya yi magana. Amma a wurinmu namiji ba ya ambaton matarsa a gaban jama'a, ko bayan ranta, sai a ce ba shi da ta ido. Baba ya sunkuyar da kai yana murza gemu. An roƙa wa tsamiya, an roƙa wa ramin shuni, ita babu wanda ya buɗe baki.

Na samu Goggo a madafa, na yi mata maganar kabarin Inna. Ta ce, "Ni ce mai gidan? Je ki tambayi ubanki in kin isa."

Kwana biyu ina kai masa tuwo ina ajiyewa, in juya ban ce komai ba. Ni ko ido ba na haɗawa da shi tun ina ƙarama.

A rana ta uku da hantsi ya ɗauko dagi ya nufi bayan ɗakin. Na riga shi isa, na durƙusa kusa da tukunyar.

"Baba, Inna fa? Da ita za mu tashi, ko a ƙarƙashin raƙuma za mu bar ta?"