Ai Ban Ci Nsima Ba

Ba wanda bai tambayi Baba Kachingwe ko ya ci abinci ba. Nas Tiyamike ta tambaya, Dakta Kamwendo ya tambaya, ni ma da zan sa shi barci na tambaya.

"Haba 'yata," ya ce, "rabona da abinci tun jiya da rana. Ba ki ga yadda cikina ya lafe ba?"

Tsoho ne mai noman taba a wajen Kasungu. Keke ya kayar da shi, wuyan hannu ya karye. Aikin ba wani mai tsawo ba ne: in kwantar da shi, likita ya ja ƙashin ya zauna, a naɗa filasta. Irin wannan ba na sa wa mutum bututu a maƙogwaro. Furofofol ya isa, farin ruwan nan da muke ce wa madara, matuƙar ciki babu komai.

Na fara tura shi a jijiya. Ya yamutsa fuska.

"Kai! Wannan madarar taku barkono aka sa mata?"

"Yi haƙuri Baba, yanzu zai wuce."

Madara tana sakin harshe kafin ta rufe ido. Tsoho ya yi murmushi, murya ta fara ja.

"In na tashi a ba ni nsima... Yunwa. Ɗan dankalin nan da matata Nachisale ta ba ni ɗazu, da thobwa, ai ba su riƙe ciki..."

"Ɗazu? Baba, ɗazu yaushe?"

Ina! Ido ya rufe, haɓa ta saki.

Nsima tuwon masara ne, shi kaɗai tsofaffinmu ke kira abinci. Thobwa kunu ne mai kauri, kuma na san irin kofin da mutanen ƙauye ke sha da shi. Abin da ya shiga jijiya kuwa ya shiga ke nan, ba mai janyo shi. Maganin ya riga ya kai ƙwaƙwalwa, ya kashe tari, ya kashe haɗiya. In cikin nan ya taso, ba abin da zai tare shi daga huhu.

"A ja hannun?" in ji Dakta.

"Kar ka taɓa shi! Tiyamike, sunkuyar da kan gadon. Ku juya min shi gefe, maza!"

Ba mu gama juya shi ba ya taso. Ba yunƙuri, ba kakari, ruwa ne kawai ruwan toka yana malalowa ta gefen baki, da gutsattsarin dankali. Na zura robar zuƙa. Ta ja, ta ja, sai ta tsaya. Dankali ya toshe ta.

Na'urar da ke maƙale a yatsansa ta canja murya, kukanta yana yin ƙasa. Leɓen tsoho ya soma duhu.

"Iskarsa tana sauka," in ji Dakta.

"Ina da kunne! Zo ka riƙe kan, ka bar ba ni labari."

Na fizge bakin robar na yar, na sa yatsa na kwaso abin da zan iya, na zura tiyon tsirara. Ya zuƙe. Tiyamike ta tura allurar da ke sakin tsoka, jikinsa ya ɗan yi rawa ya lafa. Na leƙa da fitila. Ga ƙofar huhu, ga ɗigon kunu a bakinta yana shirin gangarawa. Na tsotse shi, na tura bututu, na hura balonsa ya toshe hanya. Sai da na zuƙe cikin bututun kafin na matsa jakar iska.

Ƙirji ya ɗaga. Na sake matsawa. Na'urar ta yi kamar ba za ta yarda ba, can ta fara hawa. Na sa kunne dama da hagu, huhu fes.

An gyara hannu. Bai daɗe ba ya farka yana tari, na zare bututun. Wallahi ban taɓa jin tari mai daɗi irin wannan ba.

Na fita baranda raina a ɓace, na shirya wa Nachisale maganar da ba za ta manta ba. Na same ta zaune a ƙasa, kwano a cinya an ɗaure shi da zane.

"Iya, ba a ce kar ya ci komai ba? Kin san saura ƙiris ki koma gida ke kaɗai?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Ban ba shi abinci ba, 'yata. Ga nsimarsa nan, ko buɗewa ban yi ba. Na ga za a yi masa allura ne. Tun da aka kai ni gidansa bai taɓa fita da ciki wayam ba."

Na tsuguna kusa da ita.

"Yana numfashi?" ta ce.

"Yana ma neman kwanon nan. Riƙe masa tukuna, sai na ce."