Ɓeran Mai Unguwa

"Ba zan zana damisa ba," in ji Askatl, ta ajiye burushinta a bakin kaskon launi.

Dattijo Kimicin, mai unguwarsu a birnin Teskoko, ya zo ne a saka shi cikin babbar takardar zuriyarsa, wadda za a rataye ranar bikin ɗansa. Kowa a takardar yana zaune, siririn baƙin layi ya tashi daga ƙeyarsa zuwa dabbar sunansa. Kakansa gaggafa, mahaifinsa maciji. Shi kuwa ma'anar sunansa ɓera.

"'Yata, surukaina daga nesa za su zo. Kanta kawai nake so, da ɗan ɗigo-ɗigo."

"Baba, duk wanda ya ga damisa sunan wani zai karanta. Ban ƙare ƙuruciyata wajen koyon zane don in canza wa mutane suna ba."

Kawunta Tosan, mai ɗakin zanen, ya yi gyaran murya. "Ke da ma'anar sunanki tururuwa, sai an kanne ido ake ganinsa a takarda, har kin samu bakin magana?"

Ita dai ta riga ta gama shirinta. Za ta zana ɓeran da ba a taɓa ganin irinsa ba. Ta ƙarar da jan launin kawu mafi kyau a kunnuwansa, ta miƙar masa da gashin baki, ta turo masa ƙirji kamar mayaƙi. Har ta tanadi kalmomin da za ta yafe wa dattijon da su in ya zo ba ta haƙuri.

Da ta nuna wa dattijon, ya daɗe yana kallo. "Har kumatuna kin sa masa," ya ce a hankali, ya fita.

Wani mai zane a ƙetaren ruwa ya yi masa damisar, ta fito kamar kare mai ciwon ciki. Askatl ta je bikin, ta kafa kanta kusa da takardar tana jiran wanda zai rikice. Baƙi suka ci wainar masara da miyar barkono, suka yaba launin, suka wuce. Babu wanda ya tambayi komai. Wata tsohuwa ce kawai ta ce mata ta matsa, ta tare hanya.

Mai unguwa ya janye aikin gidansa da na danginsa daga ɗakin zanen. Kawu bai yi faɗa ba, ya dai kwashe burusan. Tun daga ranar ba a sake barin ta ta taɓa takarda ba. Ƙorai take yi wa zanen furanni a kasuwa, kuma har yanzu ba ta ba kowa haƙuri ba.