Gayyar da Aka Yi Mini a Tafki

Damina biyu na yi ina dashen ciyawar kacala a tafkin bayan gari, har mutane suka fara tambayar matata ko lafiyata ƙalau. Ni ne duba-garin wani ɗan gari a kan hanyar Kaura Namoda zuwa Zurmi. Duk ruwan kwatocinmu, na wanka da wanki da na mahauta, can yake taruwa. Tafkuna uku ne a jere. A na farko dauɗa ke kwantawa, a na biyu rana ta gasa ruwan, a na uku kuma saiwar kacala ta tace abin da ya rage kafin ya gangara rafi. A ƙasan rafin nan ne ƙanwata Rahama take aure, kuma daga cikinsa ƙauyensu ke ɗibar ruwan sha. Kafin a haƙa tafkunan, amai da gudawa ya ɗauke mata ɗanta na fari. Shi ya sa nake lallaɓa ciyawar nan kamar jinjiri.

Na yi bayani a masallaci, na yi a kasuwa, na yi a ƙofar mai unguwa har makogwarona ya bushe. Kowa ya gyaɗa kai. Ashe kan kawai suke gyaɗawa. Manomin garinmu in ya ga ciyawa ta yi tsayi, hannunsa ƙaiƙayi yake yi, ko a gonar wa take.

Sai aka tura ni kwas Gusau. Ranar da na dawo, tun daga tasha nake jin gangar noma. Na bi sautin har bakin tafki, na tarar da rabin gari tsamo-tsamo cikin laka, kowa da lauje ko fartanya. Kawuna Sodangi, sarkin noma, yana tsaye a kan tudu yana ba da umarni. Tafki na uku fes, ko tsinke babu. Har saiwar sun tumɓuke, sun jibge a gefe.

Na ce, "Kawu, mi kunka yi haka?"

Ya washe baki. "Gayya munka yi ma, Armiya'u. Kullum muna ganinka kai ɗai cikin hakin ga, ya hi ƙarhinka. Nic ce ba a barin ɗan ƙanwata shi ji kunya gaban manyanshi."

"Kawu, ni na dasa ta hwa. Ita ka tace ruwan."

Ya dube ni da tausayi. "Haki? Haki ba ya tace komi, sai dai shi ɓoye maciji."

Haushi ya cika ni. Wa zan zaga? Tun hantsi suke cikin ƙazantar gari saboda ni, mata har fura suka kawo, ga dattawa suna jiran in yi godiya.

Na leƙa magudana. Ruwan na fita baƙi ƙirin da kumfa, ga lakar da suka tayar, yana gangarawa rafi kai tsaye. Na tuna da su Rahama. Na karɓi babur ɗin wani ba tare da na tsaya roƙo ba. Ina tayarwa Kawu ya ɗaga murya a bayana.

"Kwantar da hankalinka, baɗi tun tana ƙarama za mu zo!"

Na sami Rahama a tsakar gida, randa cike fal da ruwan rafi, jarkokin da ta juye yanzu-yanzu suna ɗiga. Tana durƙushe, tana riƙe wa 'yarta Safiya moɗa a baki.