Ƙwan Fitilar Da Bai Kama Ba

Tarihi ya karanta a jami'a, aikin jarida ya yi har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Da jaridar ta durƙushe, sai ga shi gaban shugabar wata sakandare yana murza hannu. Ta ce malaman tarihi sun yi musu yawa, mai koyar da fiziks ne babu. "Za ka iya?" Ina mai iyali zai ce ba zai iya ba? Ya ce zai iya.

Ba za a ci haƙƙinsa ba, ya yi ƙoƙari. Abin da zai koyar gobe yau yake haddace shi, matarsa tana yi masa tsiya wai ɗan jarida ta aura aka musanya mata da ɗan makaranta. Amma fa hadda daban, sani daban.

Ranar da ya fara kai ajinsa ɗakin gwaji, ya zana a allo yadda ake haɗa batir da waya da ƙwan fitila. Ya kira wata yarinya mai zama a gaba, wadda ta fi kowa ɗaga hannu. Ta haɗa kamar yadda ya zana. Ƙwan ya ƙi kamawa. Ta kwance ta sake, shiru, sai ma waya da ta ɗau zafi. Aji ya zuba masa ido. To, tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan ai Ɗauke-Wuta ce! Koma ki zauna."

Aji ya fashe da dariya. Kafin a tashi sunan ya zagaye makaranta.

A cikin bas, a hanyar gida, ya buɗe littafi ya ga ɓarnar. Shi ne ya ƙara wata waya a zanen, wadda ta sa wutar ta kewaye ƙwan. Ya ce gobe zai faɗa a gaban aji. Da gobe ta zo, ya tuna har yanzu gwajinsa ake yi a aikin, ya ce jibi. Yarinyar ta koma bencin baya, hannunta bai sake tashi ba. Duk lokacin da ya ji an kira ta da sunan nan a farfajiya, sai ya ji kamar ya nutse, ya wuce da sauri.

Ƙarshen zango mahaifinta, wani direban babbar mota, ya zo da ita ofishin malamai. Ya kama hannun malamin da hannu biyu. "Godiya na zo yi, Malam. Da na nace sai ta yi injiniya. Allah ya sa ka gano mana da wuri ba ta da kan abin. Ajin adabi za ta koma."

Kunya ta ishe malamin. Ya ce, "Baba, ba laifinta ba ne. Ni na yi kuskure a zanen. Ita daidai ta yi."

Direban ya yi murmushi. "Haba Malam, lallashinta dai kake yi." Ya fita ganin shugaba, ya bar su tsaye.

Malamin ya dubi yarinyar. "Da gaske nake. Ki yafe mini, ki zauna a ajin."

"Na sani, Malam. Tun ranar na ga wayar."

"To me ya hana ki magana?"

"Sabo ne kai. Kuma na ga hannunka yana rawa."

Ya sake roƙonta ta zauna, ya ce zai faɗa a gaban kowa.

Ta gyara jakarta a kafaɗa, ba fushi a muryarta. "Ba sunan ne ya dame ni ba, Malam. In na zauna, ranar da na sake yin daidai, wa zai gaya mini?"