Sunan Guizhi a Takardar Jarrabawa

Maki uku kacal ya hana Ruolan shiga jami'a, kuma a insha'i aka zaftare shi. Yarinyar da malamai ke karanta rubutunta a gaban aji! Shi ya sa kakarta, Meng Guizhi, ta bar masararta ba ban ruwa, ta jawo ta har ofishin jarrabawa na birni. Ko harafi ɗaya Guizhi ba ta sani ba, amma ta san cuta in ta gan ta.

Ruolan ta ƙi shiga. Ta zauna a benci a waje, kai a sunkuye. Kwana tara ke nan ko taliya ba ta ci da kirki.

Ma'aikacin da ke bayan gilashi ya miƙo takardar ƙorafi. Guizhi ba ta jira an karanta mata ba, ta tsoma babban yatsa a jar tawada ta dangwala.

"Yanzu fito min da wanda ya duba takardar jikata, in ga idonsa."

"Iya, mutum biyu ne, ba su ma san juna ba. A kwamfuta suke dubawa, sunan ɗalibi a rufe. In makinsu ya yi nisa da juna, a kai wa na uku."

"To a kai wa na huɗu mana! Ko kai ma irina ne, tabarau kawai ka fi ni?"

Ya yi yaƙe, ya juya ga allonsa. Ya latsa, ya latsa. Can sai hannunsa ya tsaya.

"Iya," ya rage murya, "su biyun duk sun sa wa takardar alama. Ta rubuta sunan wani na gaske a ciki? Ko na garinku?"



Guizhi ta tuna safiyar jarrabawar, tana ɓare wa yarinyar dafaffen ƙwai. "In kin kawo labarina, ki sa sunana cikakke, da na ƙauyenmu. Shekara saba'in ina matar wane, uwar wane. Manya su karanta shi ko sau ɗaya."

"Kaka, an hana fa."

"An hana, ko dai kunyata kike ji?"

Ruolan ta karɓi ƙwan ta fita.

"Duk abin da zai sa a gane mai takarda laifi ne," in ji ma'aikacin. "Sassauci suka yi mata, suka rage maki kawai. Amma tunda ƙorafi ya shigo, dole kwamiti ya zauna ranar Litinin. Suna iya soke jarrabawar baki ɗaya."

"Ba ni takardata. Na fasa."

"Ta riga ta shiga kwamfuta, Iya."

"Fito da ita, ɗan nan! Ni na haifi irinka!"

Ya ɗago ya kira lamba ta gaba.

A waje Ruolan ta ɗaga kai a hankali, ta dubi fuskar kakarta, sannan hannunta.

"Kaka, kin dangwala?"

Guizhi ta dunƙule hannu ta ɓoye yatsan, amma jar tawadar ta riga ta shafi gaban rigarta.